Rasuwar Gombosuren Guai, Mai Riƙon Garken Majinyata

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Makiyaya Masu Tallafa wa Majinyatan Ciwon Daji ta Lardin Zavkhan ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, shugabanta na farko kuma uban kwamitin dattawanta, mai girma Gombosuren guai ɗan Luvsan (guai laƙabin girmama dattawa ne a wurinmu), wanda ya cika a tantinsa, a hannun uwargidansa Tsendmaa guai, bayan fama da ciwon dajin maƙogwaro.

Kowa a lardin nan ya san na'urar gashin ciwon daji sai a babban birni Ulaanbaatar, kuma gashin na ɗaukar makonni ana zuwa kullum, ba a tsallake rana. Marigayin ne ya fara faɗa a bainar jama'a cewa mutanenmu na mutuwa saboda suna katse gashi a tsakiya su dawo ga dabbobinsu, don makiyayi ba ya iya kwanciya a asibiti tumakinsa na haihuwa a daji ba mai kula. Sai ya bi tanti tanti a kan doki, da lallashi da masifa, har ya kafa mana dokar da muke kai yau, cewa duk wanda likita ya tura birni, maƙwabta su riƙe masa garke har ya gama. Wanda ya dawo bai gama ba kuwa, marigayin kan tare shi a bakin mota ya wanke shi tas, ko shayi ba zai bari a ba shi ba sai ya yi alkawarin komawa. Shekara da shekaru kuma yana kai kuka wurin hukumomin lafiya a kawo na'ura yammacin ƙasar nan, ana karrama shi da lambar yabo, yana dawowa hannu rabbana.

Ba za mu ɓoye wa jama'a yadda muka rasa shi ba, ko da yake faɗin yana mana ciwo. A hunturun da ya wuce shi ma ya tafi gashi, ya bar wa Tsendmaa guai garkensa da na gidaje biyu da ya ɗauki amanarsu. Ya ci rabin magani ke nan sai ƙanƙara ta rufe makiyaya, dabbobi suka riƙa faɗuwa, kowannenmu ya ruɗe da nasa. Da labari ya kai masa, ko likita bai yi wa sallama ba ya hau motar kaya ya taho. Matarsa ta ce da ta gan shi a ƙofa ta yi masa faɗan da ba ta taɓa yi ba, shi kuwa abin da ya ce kawai shi ne, "Tsohuwa, na ce musu ko akuya ɗaya ba za ta salwanta a hannuna ba." Dabbobin sun tsira, akasarinsu. Da ƙanƙara ta narke muka mayar da shi asibiti, likitoci suka ce tsaikon ya ba ciwon dama, ya riga ya bazu. Da na'urar nan tana kusa, da ya yi gashinsa da safe ya duba garke da yamma, kuma wannan takaicin ba zai bar mu ba.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargida Tsendmaa guai, da 'ya'yansa, da jikokinsa, tana roƙa musu haƙuri da ƙarfin zuciya, kuma za ta kunna fitilun man shanu a wurin ibada har kwana arba'in da tara.

A ƙarshe, mun ji cewa 'yar'uwarmu Erdenechimeg da ɗan'uwanmu Baasanjav, waɗanda garkensu ke hannun marigayin har ranar da ya cika, suna haɗa kaya za su bar asibiti su zo jana'iza. Kwamiti ya haramta musu. Ku biyun ku sani, an raba dabbobinku ga gidaje huɗu, kuma ni da kaina na kora dawakin. Mu za mu binne shi, ku ku zauna ku gama gashinku, domin ba mu da ƙarfin haƙa wani kabarin a bana.

Nyamdorj ɗan Purevjav
Kakakin Ƙungiya, a madadin Kwamitin Dattawa