Ɗan Wake a Romon Kaza

Ƙofar Marke, daren Laraba, cikin watan Safar

A sanar da gwamnatin soja da sauran jama'a cewa yau na shiga madafi.

Mura ta kwantar da ni, matata Balkisu kuma ta tafi suna Dundaye da yara. Raina bai so komai ba sai romon kaza da ɗan wake. Na ce mutumin da ya karance tarihin Rum da Farisa, ba kwaɓin gari ne zai gagare shi ba.

Kaza ta dahu lafiya. Na kwaɓa gari da kuka da kanwa, sai na ga ɗora tukunya ta biyu ɓarnar kananzir ce. Na ƙara ruwan randa a romon, na jefa ƙullun tun bai tafasa ba. Duk ya narke. Na samu koren kunu mai yauƙi, ƙafar kaza na leƙowa.

Da Balkisu ta dawo ta buɗe tukunya, ta ce, "Malam, wanga abinci na, ko yaɓen katanga? Kar ka ci."

Na cinye kwano guda don kada ta yi nasara. Yanzu murar na nan, ciki kuma na ƙugi. Ita ke da gaskiya, amma ba daga bakina za ta ji ba.