Harsashin da Ba Ya Dukan Kafaɗa

Laraba da dare, Maradun

Jinin Kawu Isa ya ƙi fita daga rigata.

Ni na kai mashi sabuwar bindigar nan, ni na cika shi da yabon ƙaramin harsashinta. Tun da tsohuwar bindigarshi ta adaka ta lalata mashi kafaɗa ya bar farauta, shi ne na ce wannan ba ta dukan mai ita, kuma inda ka auna nan take zuwa. Da safe ya gwada ta a kan gada, ko shurawa ba ta yi ba. Ya shafa kafaɗa yana dariya, ya ce, "Ɗana, ka maishe ni saurayi."

Da la'asar muka ci karo da gwanki a dajin bayan Dosara. Kawu ya harbe shi, ya zube. Sai ya yi abin da ya saba tun ƙuruciya: ya yar da bindiga, ya zare wuƙa, ya ruga ya yanka kafin ya zama mushe. Ashe harsashin bai shiga da nisa ba. Kama ƙahon ke da wuya, gwankin ya miƙe ya soke shi. Innalillahi! Ban taɓa ganin cinyar mutum ta buɗe haka ba.

Da rawanina na ɗaure wurin, na goya shi a babur zuwa asibiti. An ɗinke. Likita ya ce zai taka, amma ba nan kusa ba.

Ko faɗa bai yi mani ba, da ma ya yi. Da zan taho ya riƙo hannuna ya ce, "Adaka kan duke ni, amma abin da ta kayar bai taɓa tashi ba."

Bindigar tana ƙarƙashin gadona. Na kasa kallonta.