Baba Wasiu a bakin ƙofa

Kwararafa, Jos

Yaya Rodiat,

Sallama da gaisuwa. Ya Ibadan, ya maigida da yara? Isa ne, ɗan maƙwabtanku, wanda ya taɓa sa miki ƙadangare a jakar makaranta. Ki yafe, wata ɓarnar na sake yi.

Kin san Babanku da giyar goskolo. Ya daina tun azumi, sai dai ta riga ta gama aikinta. Likita ya ce shekarun shan sun cinye wajen da kai ke ajiye sabon abu. Tsohon labari yana nan daram, har awon rigar da ya ɗinka wa kakana yana faɗa. Amma ya ci tuwo, a ɗauke kwano, ya tambaya yaushe za a kawo abinci.

Da farko abin dariya ya ba ni. Kullum in zan wuce zuwa kasuwar Farin Gada lodin kaya, sai in ce masa yau kina hanya, don in ga ya miƙe yana neman hula. Na yi ta maimaitawa har maganar ta zauna masa. Yanzu ko ban faɗa ba, da safe yake sa babbar riga ya fito da kujera bakin ƙofa yana jiranki. Ruwan sama ma ba ya korarsa, har tari ya kama shi.

Ki zo. Ki gaida yara.

Ƙaninki, Isa

Yaya Rodiat,

Bayan gaisuwa, da fatan kin sauka lafiya, gajiyar hanya ta bi jiki.

Kada ki riƙe shi a rai don ya ce miki baƙuwa. Rodiat ɗin da yake jira 'yar sakandare ce mai kitso biyu. Man zafin da kika bari ana shafa masa, tarin ya yi sauƙi.

Yau ma ya fito da kujerar. Na tsaya na ce masa kin zo, kwana uku kika yi, ke kika yanke masa farce. Na rantse masa. Ya duba yatsunsa, ya yi dariya, ya ce tun ina yawo ba wando ya san ni da ƙarya, in wuce kada in tare masa hanya.

Na gyara masa kujerar zuwa inuwa, na tafi lodi.

Naki, Isa