Sulhu a Gidan Ummu Karim

Daren Laraba, Madinat Nasr

Har yanzu zuciyata tashi take yi. Yau mai gidan da muke haya ya ja ni zaman sulhu wurin maƙwabciyarmu, Ummu Karim. Wani ɗan ajinsu ne ya ɗauko bindigar ubansa ya harbi ɗanta Karim a makaranta. Karim yana asibiti, ko magana ba ya iya yi.

Uban wanda ya yi harbin ya zo da lauya da farantin kayan zaƙi. Ashe ni an kawo ni ne don jubbata da rawanina na ɗalibin addini. Mai gida ya zungure ni, ya ce, "Yalla ya Shehu, karanta mata ayar yafiya ta janye ƙara."

Na dubi matar nan da ke aiko mana abincin buɗa-baki kowane azumi, idanunta sun kumbura. Na ce ba zan karanta ba.

Uban wanda ya yi harbin sai maimaita "ma'alish, a yi haƙuri, yara ne, ƙaddara ce" yake yi. Ko sau ɗaya bai tambayi jikin Karim ba. Muna saukowa daga bene na ji yana tambayar lauyansa yaushe 'yan sanda za su mayar masa da bindigarsa, wai ta gado ce.