Rasuwar Shaidan Dutsen Iyaka na Ƙarshe

Cikin alhini da tashin hankali, Majalisar Dattawan Ƙasar Brisval, a madadin Mai Girma Kont Raimbaut, ubangijin ƙasa, take sanar da jama'a cewa labari ya iso mata na rasuwar Mai Daraja Dattijo Gaucelm Peyrat, Sarkin Daji kuma Babban Shaidan Iyaka, wanda ya cika ranar Talata, saura kwana tara a zauna shari'ar makiyayar kogin Auzelle tsakaninmu da Kont na Carvenne.

Marigayin yana cikin yara goma sha biyu da aka kai gindin dutsen iyaka shekara sittin da ɗaya da suka wuce, aka shara wa kowannensu mari a gaban iyayen ƙasa biyu, kamar yadda al'ada ta tanada, domin kada ya manta da wurin har ya mutu. Bai manta ba, kuma shi kaɗai ya rage a cikinsu. Sau uku mutanen Carvenne suna gusar da dutsen, sau uku yana dafa akwatin ƙasusuwan waliyyi yana rantsuwa a gaban alƙalai, ana mayar da shi mazauninsa.

Kunya ta ishe mu, domin mu ne muka daina kai yara dutsen shekara talatin da suka wuce, wai don tausayi. Ya yi ta yi mana faɗa, muka ce rigimar tsufa ce. Yau ba mu da takarda, ba mu da shaida, ga mahayan Carvenne an gani a ƙetaren gada, kuma idan makiyayar ta tafi, ƙauyuka bakwai ba su da inda za su kai shanunsu.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Mai Daraja Ermessende, da 'ya'yansa Odilon da Azalais, muna roƙon Ubangiji ya ba su juriya, ya karɓi bawansa cikin salama.

Bisa wasiyyarsa, kuma da amincewar Mai Alfarma Bishop, ba a harabar coci za a binne shi ba. Ranar Juma'a za a haƙa kabarinsa a gindin dutsen. Kowane magidanci ya fito, kada a zo da makami. Wanda yake son ƙwace makiyayar nan, sai ya fara tone gawa a gaban idonmu.

Aimeric Foucaud,
Magatakarda kuma Kakakin Majalisar Dattawan Brisval.