Gumbar da Muka Kai wa Likita

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya zaman Ikko? Ya Hajara da yara? Mu nan Pauwa lafiya lau.

Ka tuna likitan nan Bafalasɗine na Ƙanƙara da ya yi wa Inna aikin ido? Kwanaki muka ji yaƙi ya ci garinsu, an rushe gidansu, shi kuma ya daina cin abinci. Kowa ya ɗauka rasuwa aka yi. Inna ta sa muka daka gumba, muka tafi ta'aziyya.

Muna cikin "Allah ya jiƙan rai", sai ya ce, "Hajiya, ba wanda ya rasu. Ƙanena sojoji suka kama, yana kurkuku." Kunya kamar in nutse! Inna ko a jikinta. Ta ce, "Ashe da ransa! A raba gumbar, Allah ya fito da shi." Likita ya ci, yana dariya yana hawaye.

Yanzu ta ɗaure ragonta, ta ce ba na Layya ba ne, na ranar fitowar yaron ne.

Ku sa shi a addu'a, Yusuf sunansa. A gai da Kawu. Rago dai sai ƙiba yake, muna jira.

Ƙanwarka,
Binta