Jan katin Baba Yakubu

Asabar da dare, Yuni 1999, Kakuri

Yau muka binne kocinmu Baba Yakubu, amma wallahi dariyata ta fi kukana yawa. Tun yana tsaron baya a kulob ɗin masaƙa ba ya gama wasa lafiya, sai an ba shi jan kati. Da ciwon gwiwa ya mayar da shi koci, abin sai ya ƙaru. In an kore shi daga fili, sai ya haye mangwaron bayan katanga, ya ci gaba da zazzaga mana masifa daga sama. Ko a gadon asibiti cewa ya yi, "Soja sun koma bariki, saura alƙalan wasa!"

Fasto na gama addu'a a bakin kabari, sai ga Malam Sani, alƙalin da ya fi kowa korarsa. Na kalli Mama, matar marigayi, don ko sunan Malam Sani ba ta son ji. Ya zaro tsohon jan katinsa, ya ɗora kan akwatin gawar, ya ce, "Yakubu, wannan karon ba ni na kore ka ba." Mama ce ta fara tuntsirewa da dariya.

Da na biyo ta fili, sai da na ɗaga kai na duba mangwaron.